Yadda Ake Shawo Kan Ƙurar Katako a Shagon Kafinta na Cikin Gida

Duk wanda ya mayar da gareji ko zaure ko wani ɗaki na gidansa wurin aikin katako, ya kamata ya san cewa abin da injinsa ke fitarwa iri biyu ne. Akwai dusa mai nauyi da ɓarɓashin da ke zuba a ƙasa, waɗanda ido ke gani kuma tsintsiya ke kwashewa, akwai kuma gari mai laushi da ke tashi sama ya daɗe yana yawo a cikin ɗaki bayan an kashe inji. Na farkon ƙazanta ce kawai, na biyun kuwa shi ne ke shiga hanci da huhu, kuma saboda shi aka rubuta wannan bayani. Ana auna irin wannan ƙura da maikuron, wato kashi ɗaya cikin 1,000 na milimita. Kaurin gashin kan mutum yana kusa da maikuron 70, ƙurar da ba ta kai maikuron 10 ba tana iya wuce hanci da maƙogwaro, wadda ba ta kai 2.5 ba kuma tana kaiwa can ƙarshen hanyoyin iska na huhu.

Illar ba zato ba ce. A shekarun 1960 likitoci a Ingila suka lura cewa wani nau'in sankarar cikin hanci, wanda ba kasafai ake ganinsa a sauran jama'a ba, ya yi yawa a tsakanin masu ƙera kujeru na garin High Wycombe, kuma a shekarar 1995 cibiyar binciken cutar sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ƙurar katako cikin rukunin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa sankara ga ɗan Adam. A Birtaniya doka ta ƙayyade cewa a tsawon aikin awa 8 ƙurar katako mai tauri kada ta wuce miligiram 3 a kowace mita kubik ta iska, ta katako mai taushi kuma kada ta wuce miligiram 5. Idan aka lissafa ma'aunin katako mai tauri a ɗaki mai tsawon mita 6 da faɗin mita 4 da tsayin mita 3, wanda ke ɗauke da mita kubik 72 na iska, abin da ake magana a kai miligiram 216 ne, bai kai ko rubu'in giram ba. 'Yan mintoci na goge katako da inji sun isa su watsa fiye da haka.

Katakon da muke aiki da shi a Afirka ta Yamma yana cikin waɗanda aka fi sani da wannan matsala. Obeche, wanda 'yan Ghana ke kira wawa, sananne ne wajen jawo asma ga masu aikinsa. Loko yana sa ƙaiƙayi da kumburin fata kuma shi ma yana tayar da asma. Mansoniya tana iya sa haɓo da ciwon kai. Allon MDF, da ya cika shagunan masu yin kabad da durowa, garin katako ne da aka matse da gam mai sinadarin fomaldehaid, shi ya sa yankansa ke fitar da ƙura mai laushin gaske fiye da na falanki.

Abin da nake so mai karatu ya riƙe tun daga nan shi ne tsarin da za a bi, domin mutane da yawa suna farawa daga ƙarshe. Suna sayen na'urar tace iska su rataya, su ɗauka sun gama, alhali ƙurar da na'urar za ta tace sai ta bi ta gaban fuskarsu kafin ta isa gare ta. Kama ƙura a bakin inji shi ne babban aiki, kuma can ya kamata yawancin kuɗin ya tafi.

Mataki na farko: ka ga ƙurar da idonka

Ka rufe tagogi da ƙofa, ka yi aikin goge katako na ɗan lokaci kamar yadda ka saba, sannan ka kashe fitila ka haska tocila mai ƙarfi ta gefe, ka duba hasken daga ɗan nesa ba tare da ya daki idonka kai tsaye ba. Za ka ga garin da ke yawo, ka ga kuma inda iskar ɗakin ke kai shi. Masu duba lafiyar wuraren aiki suna amfani da wannan dabarar da fitila ta musamman, tocila kuma tana yin aikin. Ka maimaita gwajin a gaban kowane inji, za ka gane cewa injin samfefa da injin zana gefen katako da zarto mai juyawa, musamman a kan MDF, su ne manyan masu laifi, yayin da kurfi da abin fere katako na hannu ba sa tayar da gari sosai. Ka auna tsawo da faɗi da tsayin ɗakin ka rubuta, za a buƙace su a gaba.

Mataki na biyu: ka rage ƙurar, ka raba ta da gida

Haƙoran zarto masu kaifi suna yanka katako su fitar da ɓarɓashi, waɗanda suka dakushe kuwa niƙa shi suke yi su mayar da shi gari, saboda haka wasa kayan aiki a kan kari yana cikin maganin ƙura. Inda za a iya gyara fuskar katako da abin kankarewa na hannu kafin a ɗauko samfefa, a yi hakan. Babban aikin goga, idan akwai fili, a fita da shi waje, a tsaya yadda iska za ta riƙa bugowa daga gefe, domin idan ta bugo daga baya jikin mutum yana tare ta, ƙurar ta riƙa juyawa a gaban ƙirjinsa.

Tun da shagon a gida yake, akwai haƙƙin iyali. Ƙofar da ta haɗa shago da cikin gida a liƙa mata roba a gefuna da ƙasa, a bar ta a rufe. A keɓe rigar aiki da hula da takalmi a shago, kada a shiga da su ɗaki ko a ɗauki yaro da su, kuma kada a karkaɗe su a tsakar gida.

Mataki na uku: ka kama ƙura a inda ake haifar da ita

Injinan zuƙe ƙura iri biyu ne, kuma rashin bambance su yana sa mutane asarar kuɗi. Na farko shi ne ƙaramin injin zuƙa mai kama da bokiti, mai siririn tiyo na milimita 32 zuwa 50. Yana da ƙarfin ja amma iskar da yake ɗauka kaɗan ce, don haka ya dace da kayan hannu masu ƙaramar kafar fitar da ƙura, kamar injin samfefa da zarton hannu. Na biyu shi ne babban inji mai fanka da buhu, mai bututun milimita 100 ko fiye. Shi yana ɗaukar iska mai yawa amma ba shi da ƙarfin ja sosai, saboda haka aikinsa a manyan injina ne, kamar zarton tebur da injin fere falanki. Idan ka haɗa babban inji da siririn tiyo ka shaƙe shi, idan kuma ka haɗa ƙaramin inji da injin fere falanki zai toshe nan take. Mai aiki da kayan hannu kaɗai ya fara da ƙaramin, ya sa masa filta mai alamar HEPA, wadda ke riƙe kashi 99.97 cikin 100 na ƙura mai girman maikuron 0.3, ya kuma sa masa jakar ciki domin kada filtar ta yi saurin toshewa.

Akwai wata ƙa'ida da ta fi ƙarfin inji muhimmanci, wato kusanci. Jan iska yana raguwa da sauri matuƙa da zarar an yi nesa da bakin bututu: a tazarar da ta kai faɗin bakin bututun, gudun iskar ya ragu zuwa kusan kashi ɗaya cikin goma. Ke nan bututu mai faɗin santimita 10 da aka ajiye santimita 30 daga inda ake yanka kusan ba ya kama komai. Sai a kusantar da shi, a kuma kewaye wurin yankan iyakar yadda zai yiwu. Zarton tebur a rufe ƙasansa da allo ya zama akwati, a bar ƙananan kafofin shigar iska, a haɗa bututu a ƙasa, sannan a ƙara ƙaramin tiyo a kan murfin da ke saman zarton, domin haƙoran baya suna ɗago gari su watsa shi daidai fuskar mai aiki. Zarton da ake saukewa a kan katako a gina masa akwati a bayansa. Injin samfefa kuwa a tabbata hudojin takardar sun dace da hudojin faifan injin, in ba haka ba zuƙar ba ta kaiwa ga katako. Don goga da hannu, ana iya ƙera tebur mai saman da aka huda da ƙananan hudoji masu yawa, a rufe ƙasansa, a haɗa shi da babban inji, sai ƙura ta riƙa yin ƙasa maimakon sama.

Mataki na huɗu: bututu

Domin dusa ta ci gaba da tafiya a cikin bututu ba tare da ta kwanta ba, iskar tana buƙatar gudun kusan mita 20 a daƙiƙa. A bututun milimita 100 wannan yana nufin iska kusan mita kubik 565 a awa, a na milimita 150 kuwa kusan 1,270. Daga nan za a fahimci dalilin da ya sa ƙaramin inji mai ƙarfin doki ɗaya ba zai iya ciyar da bututun da ya zagaye shago ba. Irin wannan inji a sa masa tayoyi a riƙa tura shi gaban injin da ake aiki da shi, da gajeren tiyo, zai fi amfani nesa ba kusa ba.

Wanda injinsa ya isa ya ja bututu, ya yi amfani da mai santsin ciki, ya taƙaita hanya, ya kuma rage tiyo mai lanƙwasa zuwa ɗan abin da zai haɗa bututu da inji, domin rashin santsin cikinsa yana cin iska sosai. A kwana, gwiwa biyu masu digiri 45 sun fi ɗaya mai digiri 90, reshe kuma ya shiga babban bututu a karkace ta inda iska ke nufa. Kowane reshe a sa masa murfin da ake zamewa, a buɗe na injin da ke aiki kaɗai, a liƙe kowace mahaɗa da salatif. Bututun roba yana tara wutar da ke jan mutum idan ya taɓa, musamman lokacin rani da iska ta bushe, don haka a haɗa jikin injina da sassan ƙarfe da wayar ƙasa.

Mataki na biyar: raba dusa da tace abin da ya rage

Yawancin manyan injina masu araha suna zuwa da buhun yadi da ke riƙe ƙura mai girman maikuron 30 zuwa sama. Ma'anar wannan ita ce buhun yana tsare dusar da ba ta da haɗari, ya fesa garin da ke da haɗari cikin ɗaki da ƙarfin fanka. A ganina wannan shi ne kuskure mafi tsada a harkar, domin mai shago yana ganin ƙasa tsaf ya ɗauka iska ma haka take. A musanya buhun da filta mai ninki-ninki da aka rubuta tana riƙe maikuron 1 ko ƙasa da haka.

Tsakanin injin aiki da injin zuƙa yana da kyau a sa abin raba dusa, wanda mazurari ne da ake ɗorawa a kan duro. Iska tana shigarsa ta gefe ta riƙa juyawa kamar guguwa, dusa mai nauyi ta bi bango ta faɗa duro, iskar da ta rage ta fita ta tsakiya zuwa filta. Ana sayar da shi, mai walda ko mai aikin kwano kuma yana iya ƙera shi idan aka ba shi awo. Sharaɗinsa ɗaya ne: murfin duron kada ya bar ko ƙaramar kafa, domin iskar da ta shigo ta ƙasa tana ɗaga dusa ta kai ta filta.

Mu da ke ƙasashe masu zafi muna da wani sauƙi da kafintocin Turai da Amurka ba su da shi a lokacin sanyinsu. Su suna tsoron fitar da iskar da suka ɗumama, shi ya sa suke tace ta su mayar ɗaki. Mu kuwa muna iya ajiye injin zuƙa a waje ƙarƙashin ƙaramar rumfa, bututu ya ratsa bango, duk abin da ya kuɓuce wa filta ya tafi waje, ƙarar injin ma ta ragu. Sai dai a kula da abu biyu. Kada bakin fitar iska ya fuskanci tagar maƙwabci ko wurin girki ko shanya. Na biyu ya fi haɗari: iskar da aka fitar dole wata ta maye gurbinta, kuma idan janareta yana kusa da taga ko ƙofar da sabuwar iska ke shigowa, za a jawo iskar kabon monoksaid cikin shago, wadda ba ta da wari kuma tana kisa. Janareta ya kasance a waje, nesa da kafar shigar iska, a ɓangaren da iska ke tafiya da hayaƙinsa.

Mai sayen inji na hannu daga ƙasashen waje ya duba farantin jikinsa. Wutar Najeriya da Nijar da Ghana tana kusa da bolt 220 zuwa 230 a kan hez 50 (hez shi ne ma'aunin sau nawa wutar ke juyawa a daƙiƙa), ta Amurka kuwa bolt 120 ce a kan hez 60. Ko an sa taransifoma an gyara ƙarfin wutar, motar lantarkin da ke juya inji, idan an yi ta domin hez 60, za ta juya da kusan kashi biyar cikin shida na gudunta, iskar da fanka ke ja kuma ta ragu.

Mataki na shida: na'urar tace iskar ɗaki

Sai yanzu aka zo kanta. Akwati ce mai fanka da filta biyu, ta waje mai kama manyan ƙura da ta ciki mai kama masu laushi, aikinta kuma shi ne kwashe abin da ya tsere wa matakan baya. Ana zaɓen girmanta da lissafi: a ninka girman ɗaki sau 6 zuwa 8, domin ana so dukkan iskar ɗakin ta bi ta cikin filta sau 6 zuwa 8 a awa. Ɗakin nan mai mita kubik 72 yana buƙatar na'ura mai tace mita kubik 430 zuwa 580 a awa. A sayi wadda ta ɗara hakan, domin adadin da ake rubutawa a kwali na sabuwar filta ne, yana kuma raguwa yayin da ta yi datti.

A rataye ta sama da kai, kusa da bango mafi tsawo, kimanin kashi ɗaya cikin uku na tsawon bangon daga kusurwa, bakin fitar iska yana kallon ɓangare mai nisa, ta yadda iska za ta riƙa zagaya ɗakin. Kada a rataye ta daidai saman teburin aiki, domin a nan za ta riƙa jan ƙura daga hannu ta bi ta hanci. Bayan an tashi aiki a bar ta tana aiki, domin ko da iska na gaurayawa daidai, a sauyi 6 a awa sai an yi kusan minti 46 kafin kashi 99 cikin 100 na ƙurar da ke sama ya tafi. Awa ɗaya zuwa biyu ya wadatar, kuma da yake ba ta cin wuta da yawa, ƙaramar inbata tana iya riƙe ta bayan an kashe janareta.

Wanda bai samu ta kanti ba zai iya haɗa tasa. A shekarar 2020, lokacin annobar korona, wasu Amurkawa biyu, Richard Corsi da Jim Rosenthal, suka yaɗa wata hanya mai sauƙi: a jera filtoci huɗu masu alamar MERV 13 su zama bangon akwati, kibiyoyin jikinsu na kallon ciki, a rufe ƙasa da kwali, a ɗora fanka mai kusurwa huɗu a sama tana hura iska waje, a liƙe duk mahaɗa. Filtoci huɗu sun fi guda ɗaya da aka manna a bayan fanka, domin faɗinsu yana sauƙaƙa wa fankar ja. Na'urorin da ake tallatawa da cewa suna tsabtace iska da iskar ozon kuwa a guje su, ozon yana cutar da huhu kuma ba ya kwashe ƙura. Idan babu halin ko ɗaya daga cikin waɗannan, a sa fankar fitar da iska a bango kusa da inda ake goga, a buɗe taga a bangon da ke fuskantarta, mai aiki ya tsaya ta ɓangaren iska mai tsabta. Fankar silin a kashe ta lokacin goga da yanka duk da zafi, domin tayar da abin da ya kwanta take yi. A lokacin hunturu ƙurar hazo tana haɗuwa da ta katako, sai a riƙa duba filtar waje kowane mako, a kuma sa yadi ko soso mai laushi a tagar shigar iska.

Mataki na bakwai: takunkumi

Hankici da ƙyalle da takunkumin asibiti mai shuɗi ba sa tsare garin katako, domin iska tana bi ta gefensu. Mafi ƙarancin abin da ya dace shi ne mai alamar N95 ko FFP2, wanda ya fi kuwa FFP3, ko takunkumin roba mai rufe hanci da baki da filtar P3 da ake canzawa. Bayan an ɗaura, a rufe filtar da tafin hannu a ja numfashi a hankali. Idan ya manne a fuska ya zauna, idan an ji iska ta gefen hanci a gyara. Kada a cire shi da zarar inji ya tsaya, lokacin ne ƙura ta fi yawa a sama.

Masu gemu suna buƙatar sanin cewa irin wannan takunkumi yana aiki ne idan ya manne da fata, gashi kuma yana hana hakan. Mafita a gare su ita ce hular da ke rufe kai da fuska, mai ƙaramar fanka da batir da ke tura tatacciyar iska ciki, wadda ba ta buƙatar mannewa. Tana da tsada, don haka wanda bai samu ba ya ƙara himma a kama ƙura a bakin inji da yin goga a waje. Shan madara bayan aiki, da ma'aikata da yawa suka yi imani yana wanke ƙirji, ba ya cire komai daga huhu, domin madara ciki take zuwa. Yaran shago kuma, waɗanda galibi su ake ba aikin samfefa da shara, wato ayyuka biyu mafi ƙura, a ba kowannensu nasa takunkumin da ya dace da girman fuskarsa.

Shara, gobara da zubar da dusa

Kada a share shago da busasshiyar tsintsiya, kada kuma a hure injina ko tufafi da injin iska. A zuƙe ƙasa da kantoci da saman fitilu da injin zuƙa, ko a yayyafa ruwa kaɗan kafin a kwashe da shebur. A juye duro idan ya kai kashi biyu cikin uku, a waje, da takunkumi a fuska, filta kuma a kaɗe ta a cikin leda a rufe. Garin katako da ya tashi da yawa a wuri rufaffe yana iya kamawa da wuta farat ɗaya, saboda haka kada a wasa ƙarfe ko a yi walda kusa da bakin bututu, tartsatsi ɗaya yana iya kwana yana ci a cikin duro. A share ƙurar da ke taruwa a kan motocin injina da soket, a rataya tukunyar kashe gobara kusa da ƙofa.

Ɓarɓashin falanki zalla ana iya ba masu kiwon kaji su yi shimfiɗa ko a zuba a takin gargajiya, amma garin MDF da na katakon da aka shafa wa maganin gara ko fenti kada a ba dabbobi, kada kuma a hura wutar girki da shi. A ɗaure shi a buhu a kai bola. Idan tari ko atishawa ko shessheƙa suna tsananta a ranakun aiki su lafa a ranakun hutu, ko kafar hanci ɗaya ta daɗe a toshe, ko haɓo yana yawan dawowa, a je asibiti, a gaya wa likita irin aikin da ake yi, da nau'in katakon, da tsawon shekarun da aka yi ana yinsa.